Batir na Bakin Ƙofa

Saji, 2 ga Maris

Taubashina Uzairu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga wadda ta fi ka hankali tun muna yara, da fatan ruwan Fatakwal bai gama jiƙa maka ƙwaƙwalwa ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo da wuri. Maigidan ya yi Kudu da shanu tun bayan girbi, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Baffa, mahaifinsa, yana nan da ƙarfinsa, ban da ɗan ciwon gwiwa. Watan jiya na je Kibiya na ga Inna, mahaifiyarka. Ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sabis a nan sai an hau dutse, kuma ka san muryata ba ta iya a hankali ba, gidan nan kuwa dangar kara ce tsakanin kowa da kowa. Muntari direba, mai kai shanu wajenku duk mako biyu, ya ce ya san inda kake kwana.

An ce yanzu kai ne likitan baturan da ke ba dogayen ƙarafan sabis wuta. To ga mara lafiya na kawo maka. Shekara biyu ke nan da aka kafa mana sola saboda firij, firij ɗin kuma saboda allurar ciwon suga ta yarinyar nan, ka san wadda nake nufi. Likita ya ce zafi yana kashe maganin, ita kuma ba ta wuni ba tare da shi ba. Batura huɗu ne, an jera su a zauren Baffa saboda can iska ke shiga, an ɗaure su kai da wutsiya, jan kan wannan zuwa baƙin kan wancan.

Rana ɗaya aka sayo su, a shago ɗaya a Kano. Amma yanzu in rana ta take, uku sai ka ji suna tafasa kamar tukunyar wake, suna wari mai hawa kai, ba sa ƙoshi da ruwan batir. Na huɗun, na bakin ƙofa, shiru abinsa, ruwansa yana inda na bar shi tun kaka. Firij ɗin da can yana kai wa safe. Yanzu kullum in na tashi sai in tarar inbata, na'urar da ke ba firij wuta daga baturan, ta ɗauke, sai rana ta ɗaga in danna mata maɓalli ta dawo.

Habu mai gyara ya zo daga Rano ya duba, ya ce ukun nan sun lalace, a sake su, a bar na bakin ƙofa tunda shi ne mai natsuwa. Ni ma haka idona ya gani. Sai dai abin yana ci mini rai. Ta yaya abu huɗu, cinsu ɗaya, ranarsu ɗaya, uku su haukace ɗaya ya yi hankali? Kafin a kama raguna a kai kasuwa don sayen sababbi ina so in san dalili. In ka sani ka faɗa. In ba ka sani ba ma ka faɗa, ba yau na fara rufa maka asiri ba.

Taubashiyarka,
Afra'u

Fatakwal, 11 ga Maris

Afra'u uwar iyayi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, na karanta ta sau biyu ina dariya. Lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya jin gajiya. Ki gaishe da Baffa Mato da gwiwa, ki gaishe da maigidanki Saminu in ya kira, ki gaishe da Mu'minat. E, na kira sunanta. Ke ce mai kunyar 'yar fari, ni ba ruwana. Shekararta tara yanzu ko goma?

Kada ki bari a sayar da ko kaza. Ke da Habu kun kama masu lafiya kun bar mara lafiya yana kallonku.

Kowane batir ƙarfin wutarsa bolt goma sha biyu ne. Da aka ɗaure su kai da wutsiya sun zama arba'in da takwas, abin da inbata ke so ke nan. Na'urar da ke karɓo wuta daga farantan sola ta zuba musu ba ta san su huɗu ba ne, jimla kawai take gani. An ce mata ta yi ta zubawa har jimlar ta kai wajen hamsin da bakwai da rabi. Hanyar kuma ɗaya ce, abin da ya ratsa na farko shi zai ratsa na ƙarshe, ba ƙari ba ragi. To in ɗaya ya yi baya, ukun sun cika amma jimla ba ta kai ba, sai ta ci gaba da yi musu ɗura. Ɗurar nan ita ce tafasar da kike ji, ita ke ƙone musu ruwa. Shi kuwa na bayan bai taɓa ƙoshi ba, shirun da ya yi na yunwa ne. In rana ta faɗi aka fara ja, shi ke fara ƙarewa, ya janyo jimlar ƙasa, inbata ta ɗauke alhali ukun suna da sauran wuta.

Na ba Muntari ƙaramar mita ya kawo miki. Ki murɗa ta zuwa inda na ɗiga jan fenti. Jan tsinke a jan kai, baƙi a baƙin kai, kowane batir shi kaɗai. Ki auna da tsakar rana, ki auna da sassafe, kwana uku a jere, ki rubuto mini. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki taɓa, kada wani ƙarfe ya haɗa kawuna biyu, kuma kada kowa ya ƙyasta ashana kusa da su suna tafasa.

Sai tambaya guda. Akwai abin da aka maƙala wa na bakin ƙofa shi kaɗai, ko da ƙwan fitila ne? Batura sukan bambanta da kansu in suna tsufa, amma a hankali. Irin wannan da kike faɗa ina so in san inda ya samo asali.

Kafin mu gano, ki nemi ƙaramar tukunyar ƙasa ki binne ta a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ki riƙa ajiye maganin a ciki. Ba ta kai firij ba, amma ta fi firij matacce.

Mai gidanki tun a wasa,
Uzairu

Saji, 24 ga Maris

Uzairu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Shekararta tara, kuma bakinka da kaifi. Tukunya tana cikin yashi a gindin tsamiya, ina jiƙa shi safe da yamma.

Wannan mita taka ta hana ni aikin gida. Na auna batirin tocila, na auna na rediyo, na auna na babur ɗin maƙwabcinmu har matarsa tana tambaya ko duba na koma. Har tulun ruwa na sa wa tsinkayen, bai ce komai ba.

Ga abin da ka nema. Kwana ukun kusan duk ɗaya ne. Da tsakar rana, daga na ƙurya zuwa na ƙofa: 14.9, 15.0, 14.8, 12.9. Na tara su ya ba ni 57.6, daidai da abin da ka faɗa, har haushi ya kama ni da ka yi gaskiya. Da sassafe kuma: 12.3, 12.3, 12.2, 10.6. Na tsaya ina kallon batirin nan na bakin ƙofa, sai ya ba ni tausayi. Wata da watanni ina yaba masa haƙuri ashe wahala yake sha.

Awon bai zo da sauƙi ba. Ka san ba na shiga zauren Baffa yana ciki, kuma daga hantsi zuwa azahar zauren ba ya rabuwa da baƙi daga rugage, masu wucewa kasuwar Rano da masu dawowa. Sai na jira sun tafi masallaci in shiga da sauri in fito.

Zancen ko an maƙala wani abu kuwa, ni dai hannuna bai maƙala komai ba, kuma ba ni da wanda zan nuna.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar, kuma kwana biyu tana hana ni sakat. Tunda a ɗaure suke da juna, me ya hana ƙosassun nan uku su ɗan sam wa ɗan'uwansu? Wuta tana bi ta cikinsu dukkansu, ka ce. To me ya sa ba ta tsayawa inda aka fi bukatarta? Ko ruwa ka zuba a fadama ai kwari yake fara cikawa.

Afra'u

Fatakwal, 3 ga Afrilu

Malama mai duba,

Gaisuwa gare ki da mutanen gida. Ina sauri ne, Muntari ya tayar da mota.

Tambayarki ta fi ta wasu da muke aiki tare. Ruwa yana gangarawa kwari ne saboda ramukan a buɗe suke ga juna. Da an ɗaure baturan ja da ja, baƙi da baƙi, haka za su yi, su raba daidai. Amma kai da wutsiya ba su da ƙofar da za su miƙa wa juna komai, sai an sa musu ɗan aike a tsakani. Akwai na'urar da ke wannan aikin, amma ba na jin kina bukatarta.

Tunda kin ce ba a maƙala masa komai ba, to rauninsa ne tun daga masana'anta, ya riƙa yin baya kaɗan-kaɗan har shekara biyu. Maganin mai sauƙi ne. Ki sa Habu ya cire shi ya kai Rano, a yi masa caji shi kaɗai a hankali, wuni da kwana, har ya cika taf. A ƙara wa ukun ruwa, a mayar da shi. Abin da ya ɗauki shekara biyu yana taruwa ba zai dawo a mako ba. Na ba ki wata shida cur. Ki mayar da magani firij, ki huta da jiƙa yashi.

Uzairu

Fatakwal, 12 ga Mayu

Afra'u,

Assalamu alaikum. Sau biyu Muntari yana zuwa hannu rabbana. Na farko na ce iyayinki ne, aiki ya yi kyau kin manta da likita. Yau kuma ya ce mini ya ji a tasha an kwantar da Mu'minat a asibiti a Rano, bai san me ya same ta ba. Na kira wayarki ya fi sau ashirin ba ta shiga. Na kira Saminu, shi ma yana inda ba sabis.

Na ɗauko takarduna ina bin abin da na gaya miki layi-layi. In shawarata ce ta jawo, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki rufe ni da shiru. Ba wasa nake ba yau. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ki ce mini tana numfashi.

Uzairu

Saji, 22 ga Mayu

Uzairu ɗan'uwana,

Wa alaikumus salam. Tana numfashi, tana ci, jiya har ta yi faɗa da akuya. Kwana shida muka yi a asibiti. Alhamdu lillahi. Ka yafe shirun, ba fushi ba ne, hannuna ne ya ƙi riƙe biro.

Mun yi yadda ka ce. Kwana goma firij yana kai wa safe, har na kwashe tukunyar na mayar da ita madafa. Sai aka yi rasuwar ƙanwar kakata a Kibiya, na tafi da yarinyar da kwalba ɗaya, na bar sauran a firij. Kwana huɗu muka yi. Ashe tun ranar farko inbata ta ɗauke, ba wanda ya san da maɓallin. Na dawo na buɗe firij na ji hucin zafi, ga ɗakin kwano, ga Afrilu. Na ɗaga kwalaben na duba, ban ga sun sake kama ba, na danna maɓalli na ci gaba da yi mata allura da su. Mako biyu tana ramewa tana shan ruwa kamar ba ta taɓa gani ba, ina cewa zafi ne. Ranar da ta fara amai tana numfashi sama-sama muka ɗauke ta. Malamar asibiti ta ce maganin ya riga ya mutu, ruwa kawai nake tsira mata. Wallahi Uzairu, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ba shawararka ba ce. Ka yi mini tambaya, na ba ka amsar da duk mutumin gida zai gane, na manta ka daɗe cikin masu magana a miƙe. Na ce hannuna bai maƙala ba, ban ce ba a maƙala ba.

Baffa ne. Tun ina amarya zaurensa ne zangon mutanen rugage, su sha ruwa, su sha fura, su wuce. Da sola ta zo sai ya sayo maƙalai biyu masu haƙora da wani allo mai ramuka da yawa. Da hantsi ya maƙala su a batirin bakin ƙofa, a jera wayoyi da tocila da rediyo, wani lokaci sun fi ashirin. In za su masallaci ya cire ya tura ƙarƙashin buzu. Ba ya karɓar komai a hannun kowa.

Kuma kada ka ɗauka bai damu da ita ba. Ita ce amaryarsa, shi ya yi mata huɗuba, shi ya sayar da bijiminsa aka kafa solar nan. Ta bayan danga na ji shi yana gaya wa baƙi tsarinsa, yana alfahari. Ya ce batura huɗu kamar hantsar saniya ne mai kan nono huɗu. Mai hankali ba ya tatse duka, yakan bar wa maraƙi rabonsa. Shi ɗaya kawai yake tatsa saboda baƙi, uku ya bar wa jikarsa, ko kusa da su ba ya bari a je. Ni ma da na ji na ce ai da gaskiyarsa, wayar hannu nawa take ci? Sai da tambayarka ta zo na fara zargi, kuma duk da haka na yi shiru.

Ba zan iya gaya masa ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa a durƙushe. Ɗansa ma in ya dawo ba zai iya ba. Kuma in ya san abin da hannunsa ya yi, ban san yadda tsohon nan zai ɗauka ba. Ka ce akwai ɗan aike da ake sa wa batura a tsakani. Yaya yake aiki? Zai iya gyara wannan ba tare da kowa ya buɗe baki ba?

Afra'u

Fatakwal, 29 ga Mayu

Afra'u,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na yi sujada a gaban Muntari, ya ɗauka taɓuwa na yi. Ki shafa mini kanta.

Na sake karanta layin nan naki. A fili yake, da Inna ce ta karanta da tuni ta gane. Ni na karanta shi da idon ma'aikaci, na ga babu, na wuce. Kuma ni na ce ki kwashe tukunya. Kada ki ɗauke kayan nan ke kaɗai.

Lissafin Baffa na saniya daidai ne, ga saniya. Ga batura kuwa, duk abin da aka tatsa daga ɗaya shi kaɗai ba ya dawowa, domin gobe rana za ta ba kowa mudu ɗaya ne, wanda aka ɗiba da wanda ba a ɗiba ba. Yau giɓi kaɗan, gobe kaɗan a kan na jiya. Kwana goma sun isa.

Ga ɗan aiken a kwali. Iri biyu ne a duniya. Akwai mai ƙone rarar ƙosassu ta zama zafi don a jira na baya. Wannan ba zai yi muku ba, ɓarna ce, kuma giɓinku ya fi ƙarfinsa. Wanda na aiko mai jigila ne. A cikinsa akwai wani abu mai auna kowane batir ba hutawa, da wasu ƙananan maɓallai marasa motsi masu buɗewa da rufewa sau dubbai kafin ki ƙifta ido, da naɗin wayar tagulla mai riƙe wuta na ɗan lokaci. In ya ga ɗaya ya ɗara wani, sai ya ɗebo daga mai yawa ya riƙe, ya juya ya zuba wa mai kaɗan, kamar mai rabon miya da ludayi, sai dai ludayin ƙarami ne kuma hannun da sauri. In sun yi daidai ya zauna. A fuskarsa akwai lambobi huɗu, kowane batir da tasa, kin huta da tsinkaye.

A sake kai na ƙofar caji a Rano tukuna. Sannan Habu ya haɗa, kowace waya da fiyus ɗinta, na zana masa a bayan takardar nan. Ki ce masa ya bi zanen, kada ya bi zuciyarsa.

Amma ki ji gaskiya. Zai rage ciwon, ba zai kawar da shi ba. Batirin nan ya daɗe da yunwa, cikinsa ya riga ya ƙanƙance. Kuma yanzu duk abin da Baffa ya tatsa, daga cikin huɗun zai fito, ba wanda ya san yawansa, ba abin da zai tsayar da shi in rabon firij ya taɓu. Hanyar ƙwarai ita ce wata ƙaramar na'ura da ke ja daga huɗun gaba ɗaya ta sauke zuwa goma sha biyu, ta yanke da kanta in wuta ta yi ƙasa. Da ita baƙi za su yi cajinsu lafiya. Sai dai kafin a sa ta dole a karɓi maƙalan nan daga hannunsa, wannan kuwa ba na'urar da ke yi. Tukunyar yashi ta koma gindin tsamiya yau ɗin nan.

Uzairu

Saji, 14 ga Yuni

Uzairu,

Assalamu alaikum. An yi ruwan shuka shekaranjiya, kowa yana gona, shanu suna hanya. Yarinyar ta mayar da kumatunta. Wasiƙar nan biyu ce a takarda ɗaya, za ka ga dalili.

Habu ya haɗa na'urar ranar Asabar, ya bi zanen yana gunaguni. Aka ce wa Baffa saƙo ne daga gare ka, jikan Kibiya, don batura su daɗe. Da yamma na leƙa na ga lambobin sun matso kusa da juna kamar an jera su da gangan. Daɗi ya kama ni, na ce shi ke nan, an gama ba a yi magana ba.

Na manta wane ne Baffa. Mutumin da ke gane saniya za ta yi ciwo tun tana cin ciyawa, shi za a kafa wa lambobi huɗu a gaban buzunsa? Kwana uku ina jin zauren ya rage hira. Na leƙa ta ramin danga na gan shi zaune ya tasa akwatin na'urar a gaba. Ya maƙala maƙalansa, lambar ƙofa ta sauka. Wannan bai dame shi ba, ai ta baƙi ce. Sai ya ga can an jima ukun ma sun fara sauka suna bin ta. Ya cire, ya jira, suka daidaita. Ya sake maƙalawa. Sau uku ya yi haka a kan idona. Ya sa tafin hannu a kan akwatin ya ji ɗuminsa. Rana ta huɗu baƙi suka zo ya ce musu yau babu caji, aka kawo fura.

Jiya bayan azahar ya tsaya a bakin danga ya yi gyaran murya. Bai kira ni ba, ya ce wa iska, "A ce wa mai rubutu ta zo da takarda." Na fito na durƙusa a bayan zauren, shi a ciki, ni a waje, ƙofa tsakaninmu. Ga abin da ya ce in rubuta, da kalmominsa:

"Uzairu jikan Kibiya, ina gaishe ka, Allah ya yi wa aikinka albarka. Akwatinka ya iso, na zauna da shi. Ni na ɗauka kowane batir da cikinsa, ina ɗibar ɗaya ina tsare uku. Yanzu na ga in na taɓa ɗaya duka suke ji. Abin da nake so ka gaya mini, kada ka duba tsufana: kafin akwatin nan ya zo, da na riƙa ɗibar na ƙofa, shi ne ya riƙa kashe firij? Kwanciyar da jikata ta yi a Rano, hannuna ne?"

Nan biro ya tsaya. Na lissafa, mako guda kafin ta je maka, mako guda kafin amsa ta dawo. Mako biyu tsohon nan zai yi yana kwana da tambayar nan yana tashi da ita, amsar kuwa tana nan durƙushe a bayan ƙofarsa. Kuma na san ka, za ka nemi yadda za ka sassauta masa, shi kuma zai gane.

Ya ce, "An rubuta?"

Na ce, "Baffa."

Na ajiye biron a ƙasa.

Na ce, "Baffa, ba sai an kai Fatakwal ba. Shi ne ya riƙa kashe firij ɗin. Amma ni na ga maƙalan tun farko, aka tambaye ni na ɓoye. Kuma ni na tarar da maganin da zafi na yi mata da shi. In hannunka ne, to da bakina a ciki."

Sai na ji yana jan hanci. Ban taɓa sanin Baffa yana kuka ba, ko ranar da ciwon huhu ya kashe masa shanu goma sha huɗu an ce bai yi ba.

Can ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun Maris nake zargi.

Ya ce, "Wata uku. Saboda kunyata." Sannan ya ce, "Ni na koya wa gidan nan kunya, ina jin daɗi ana cewa surukar Mato ba a jin muryarta. Ga abin da na saya da ita. 'Yata, daga yau in kin ga abu a zauren nan, ko a jikina ne, ki faɗa mini. Na fi son in ji kunya da in bi gawa."

Ya miƙo hannu ta ƙofa ya ajiye maƙalan a gabana, da allon. Ya ce ka aiko da ɗaya na'urar in akwai, domin ba ya son zaurensa ya mutu, amma ba za a haɗa ta ba sai ni na duba na ce to. Ya ce kuma in goge tambayar tunda an amsa. Ban goge ba, ina so ka gani.

Daga nan ya tashi ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi. Yarinyar tana barcin rana a tabarma a ƙofar ɗakina. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, da ciwon gwiwar da komai, ya ɗauki mafici yana kore mata ƙuda. Har aka kira la'asar yana nan.

Taubashiyarka,
Afra'u